Ladi Kwali, Maginiyar Da Ke Bayan Naira Ashirin

Idan akwai takardar naira ashirin a gidanku, ko a bakin zanen uwargida ko a aljihun maigida, a fito da ita a duba. A gabanta akwai hoton Janar Murtala Muhammed, wanda kowa ya sani. To, a juya bayanta. Za ku ga wata mace ta duƙufa a kan tukunyar da take ginawa. Sunanta Ladi Kwali. Tun shekarar 2007 hoton nan yake yawo daga hannu zuwa hannu a kasuwannin Nijeriya, amma da yawa daga cikinmu mun sha karɓar canji da ita, ba mu taɓa tambayar ko wace ce ba.

Ita ba sarauniya ba ce, ba kuma matar wani babban mutum ba ce. Ba ta yi makarantar boko ba. Maginiyar tukwane ce daga ƙauye. Mun ga ya kamata mu kawo labarinta a wannan wata saboda wasu maganganu biyu da muke yawan ji a gidajenmu. Yarinya za ta iya wani abu ƙwarai, ko saƙa, ko ɗinki, ko lissafi, sai a ce, "Ai ɗan aikin mata ne, da ta yi aure za ta manta." Macen kuma da ta haifi uku ko huɗu, in aka ce ta zo ta koyi wani sabon abu, sai ta ce, "Ni da na riga na tsufa?" Bari mu ga abin da rayuwar Ladi za ta ce mana game da maganganun nan.

A Ƙauyen Kwali

An haife ta wajen shekarar 1925 a Kwali, cikin ƙasar Gwari. Yau Kwali tana cikin yankin Babban Birnin Tarayya, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, gaba kaɗan da Gwagwalada. A lokacin kuwa ƙauye ne na manoma. Ladi suna ne da akan sa wa yarinyar da aka haifa ran Lahadi, Kwali kuma sunan garinsu ne da ya bi ta har ya zama nata.

A ƙasar Gwari ginin tukwane aikin mata ne tun kaka da kakanni. Ladi ta koya tun tana ƙarama a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, kamar yadda 'yan mata da yawa suka koya. Aikin ba na ragguwa ba ne. Sai an haƙo yumɓu, an ɗauko shi a kai ko a kafaɗa zuwa gida, an tsince tsakuwa, an jiƙa, an cuɗa har ya yi laushi. Sa'an nan maginiya takan ajiye curin yumɓu, ta rarake tsakiyarsa da hannu, ta riƙa jawo gefensa sama. Sai ta murza wani yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, ta ɗora a baki, ta shafe, ta sāke ɗora wani. Ba keke, ba inji. Tukunya tana wuri ɗaya, maginiya ce take ta zagaya ta a sunkuye, har randa ta tashi ta kai gwiwa ko ta wuce. Ido da tafin hannu su ne ma'auninta.

Kafin yumɓu ya bushe sai a yi zane. Daga nan ne Hausawa suka samo karin maganar nan, tun ran gini ran zane, gama in tukunya ta bushe ba ta karɓar ado kuma. Matan Gwari sukan mirgina murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan itace mai tsaga a jikin tukunya, su bar layi layi. Tsakanin layukan Ladi takan zana kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da maciji, da kifi, da tsuntsu. Bayan an shanya, sai a tara tukwane a fili, a rufe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta.

Randar da aka toya haka tana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yakan riƙa tsattsafowa ta cikinsu kaɗan kaɗan, iska tana busar da shi, tana tafiya da zafin. Shi ya sa ruwan randa yake da sanyi ko da tsakar rana cikin bazara. Iyayenmu mata ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san irin yumɓun da ya dace da randa, da wanda ya dace da tukunyar tuwo.

Mata da yawa suna wannan aiki a Kwali, amma na Ladi ya fita dabam. Randunanta sukan tsaya daidai, ba karkata, zanenta kuma ba ya kama da na kowa. Labarinta ya bazu har ya kai fada.

Sarki Da Bature

Abujar da ake magana a zamanin nan ba ita ce babban birnin da muka sani yau ba. Garin da muke kira Suleja yanzu, cikin Jihar Neja, shi ne Abuja ta dā. Da gwamnati ta yanke shawara a 1976 za ta gina sabon babban birni, sai aka ɗauki sunan aka ba birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, mutum ne mai ilimi, mai son kayan gargajiya. Ya sayi tukwanen Ladi ya ajiye a gidansa.

A shekarar 1950 wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew ya zo yana zagaya ƙasar Arewa. Shi kansa magini ne sananne a ƙasarsu, ya kuma yi aiki a Gana kafin ya zo Nijeriya. Gwamnatin lokacin ta sa shi ya duba yadda za a kyautata sana'ar tukwane. A gidan Sarkin Abuja ya ga tukwanen Ladi, suka ba shi mamaki. Ba da daɗewa ba ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a garin.

A nan muna so mai karatu ya lura da abu guda. Ranar da Cardew ya ga aikin Ladi, ta riga ta zama gwana. Ba shi ya koya mata gini ba. Abin da ya gani a fada, a tsakar gida aka koya mata shi, a hannun wata mace wadda yawancin masu riƙe da naira ashirin ba su san ko sunanta ba. Da wannan mace ta ce yarinya tana ɓata mata yumɓu, ta kore ta, da labarin ya ƙare tun bai fara ba.

Ɗaliba Mai Shekara Kusan Talatin

Da aka buɗe makarantar, maza kaɗai ake ɗauka. A 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta fari a wurin. Shekarunta sun kusa talatin. A irin shekarun nan mata da yawa sun riga sun sa wa ransu cewa lokacin koyo ya wuce.

Mu tuna kuma ita ba baƙuwa ba ce a sana'ar. Sarki ya san aikinta, ƙasar Gwari ta san sunanta. Duk da haka ta yarda ta koma ɗaliba, ta zauna cikin maza, ta fara daga farko a kan abin da ba ta sani ba. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, inda tukunya ce take zagayawa, maginiya kuwa tana wuri ɗaya. Ta koyi shafa wa tukunya wani haɗi wanda yake narkewa cikin wuta ya bar ta tana ƙyalli kamar tangaran. Ta koyi toyi cikin tanderu mai cin itace, inda zafi yakan wuce digiri 1,200, abin da wutar fili ba ta kai ko kusa. Ta yi farantai, da kwanoni, da kofuna, da butoci.

Amma ba ta yar da abin da ta zo da shi ba. Ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu, tana zagaya su kamar yadda aka koya mata a Kwali. Kunamarta da hawainiyarta suka bi ta har jikin farantan da ta yi a kan faifai. Sai aka fara gina randa irin ta Gwari da sabon yumɓu mai jure zafi, a shafa mata ƙyalli, a toya ta cikin tanderu. Abin da ya fito bai taɓa fitowa a ko'ina ba: siffa da zane na Gwari, ƙarfi da sheƙi na tangaran.

Gaskiya ita ce, an samu, an kuma rasa. Randar da ta fito daga tanderu ta yi nauyi ƙwarai, ƙananan ƙofofin nan kuma sun toshe, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Kuɗinta ma ya fi ƙarfin matar ƙauye. Ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan kallo. Kowane sabon ilimi haka yake, yana zuwa da ribarsa da hasararsa. Hikimar Ladi ita ce ta riƙe duka biyu, na dā da na yanzu, ta san inda kowanne yake da amfani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daga Abuja Zuwa Ƙasashen Duniya

A 1958 aka nuna tukwanen Abuja a wani ɗakin nuni da ake kira Berkeley a birnin Landan, aka sāke yi a 1959 da 1962. Na Ladi ne suka fi jan hankalin jama'a. A farkon shekarun 1960 ita kanta ta je Ingila, ta tsaya gaban malamai da ɗalibai na makarantun sana'a, ta gina randa da hannu suna kallo. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew, tana yin haka daga wuri zuwa wuri. Ba lacca take yi musu ba. Curin yumɓu take ajiyewa, ta sunkuya, ta fara zagayawa, hannunta ya yi bayani.

Girmamawa ta biyo baya. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta zauna a aji ba. A 1980 gwamnatin Nijeriya ta ba ta babbar lambar yabo ta ƙasa wadda ake ba waɗanda suka yi fice a ilimi da fasaha, a 1981 kuma aka ƙara mata lambar OON. Makarantar da ta shiga tana ɗaliba, daga baya aka sa mata sunanta. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. Har yau akwai tukwanenta a manyan gidajen ajiye kayan tarihi a Landan da Washintan.

Ɗakin Gwari

A ganinmu, akwai abin da ya fi lambobin nan daraja. Ƙofar da Ladi ta shiga ba ta rufe a bayanta ba. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, mata huɗu sun biyo sawunta: Halima Audu, da Lami Toto, da Asibi Ido, da Kande Ushafa. An keɓe ɗaki guda a makarantar inda matan suke gina manyan randuna da hannu, ana kiransa Ɗakin Gwari.

A 1974 wata budurwa 'yar ƙasar Kenya mai suna Magdalene Odundo, wadda take karatu a Ingila, ta zo Abuja ta zauna ɗan lokaci tana koyo a wurin Ladi da abokan aikinta. Yau tana cikin maginan da suka fi shahara a duniya, da hannu kuma take gina tukwanenta. Dubi tsawon igiyar nan: daga wata mace a tsakar gida a Kwali zuwa Ladi, daga Ladi zuwa matan Ɗakin Gwari, har zuwa 'yar Kenya. Kowace ta karɓa, ta ƙara nata, ta miƙa gaba.

Mu Fa, A Gidajenmu?

Yanzu mu komo gida. Ana yawan maganar ci gaban mata a rediyo da wuraren taro. Wasu suna tsammani abu ne da za a kawo a mota daga birni a rarraba. Labarin Ladi ya nuna mana abu uku da suka haɗu: baiwar da Allah ya ba ta, wahalar da ta sha har ta gwanance, da mutanen da suka ga aikinta suka buɗe mata hanya. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su isa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku iyaye, ku dubi 'ya'yanku mata da kyau. Wace ce take iya gyara abin da ya lalace? Wace ce ba ta kuskuren canji in an aike ta? Wace ce ƙannenta suke taruwa wurinta ta koya musu karatu? Nan ne zanen zai kama, yumɓu kuwa ba ya jira. Kada kuma wani ya ce, "Ai Ladi ba ta yi makaranta ba, ga shi ta yi suna," ya mai da wannan dalilin cire 'yarsa daga aji. A zamanin ƙuruciyarta 'yan mata kaɗan ne ƙwarai a ƙauyuka suka sami zarafin shiga makaranta. Ranar da aka buɗe mata ƙofar koyo, shiga ta yi. Wanda ya hana 'yarsa karatu da sunan Ladi bai fahimci Ladi ba. Yarinyar yau tana bukatar biyun, alƙalami da sana'a.

Kai maigida, ka tambayi kanka tsakaninka da Allah. Sa'ad da matarka ta ce tana so ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ko ta koyi ɗinki, ko ta koma ta ƙarasa karatun da aure ya katse, me ka ce mata? Wasu maza suna tsoro wai in mace ta sami abin hannunta za ta raina su. Mun sani akwai gidajen da kuɗi ya kawo gardama, ba mu musu. Amma in aka bincika, yawanci ɓoye-ɓoye ne ya kawo ta. Ku zauna tun da fari ku shirya: kwana nawa a mako za ta fita, wa zai lura da yara, me zai shiga cefane, me za ta ajiye ya zama jarinta. Ka kuma tuna cewa ciwo da mutuwa ba sa sallama. Mun ga gwauraye da yawa waɗanda aka bar su da marayu, ba sana'a, ba karatu. Mijin da ya taimaki matarsa ta iya wani abu, 'ya'yansa ya yi wa tanadi.

Ke uwargida, kada ki raina abin da ke hannunki. Ko daddawa kike yi, ko man gyaɗa, ko sabulu, ko kiwon kaji, ki yi shi da kyau har a riƙa cewa, "Na wance nake so." Ki koyi lissafin abin da kika kashe, har da itace da kuɗin mota da wahalarki, kafin ki sa kuɗin kaya, gama mata da yawa suna ciniki shekara da shekaru suna cin uwar kuɗi ba su sani ba. In kina adashi, ranar kwasarki ki tuna da jari kafin anko. In kuma kin ji ana koyar da wata hanya da ta fi taki, ki je ki gani. Ba abin kunya ba ne babba ya zauna a benci ɗaya da yara. Ladi ta yi, ita da Sarki yake sayen kayanta.

Ba mu ce kowace mace za ta ga hotonta a jikin kuɗi ba. Dubban mata sun gina tukwane a ƙasar nan, suka ciyar da 'ya'yansu da su, suka mutu ba wanda ya rubuta sunansu. Yau ma robobi da tukwanen ƙarfe sun cika kasuwa, maginan ƙauye da yawa sun rasa masu saye. Gamsuwar da muke magana a kai ba ta dogara ga lamba ko suna ba. Ita ce irin wadda mace take ji sa'ad da ta ɗaga abin da ta yi da hannunta, ta juya shi, ta ga ba inda ya karkace. Ladi ta san wannan daɗi tun tana Kwali, shekaru da yawa kafin wani ya kira ta dakta. Macen da ta san ta iya wani abu, tafiyarta ma dabam take, 'ya'yanta mata kuma suna kallo.

Akwai kuma tambaya ta ƙarshe ga wadda ta riga ta iya. Wa kike koya wa? Akwai yarinya a maƙwabta wadda take tsayawa a bakin ƙofa tana kallonki kina aiki. Wataƙila marainiya ce, wataƙila iyayenta ba su da kuɗin makaranta. Za ta ɓata miki zare, za ta ƙona miki mai, za ta fasa miki tukunya ɗaya ko biyu. Ki kira ta ciki duk da haka.

A daren yau, bayan an ci tuwo, a fito da naira ashirin ɗin nan a nuna wa yara. Ba ta sayen wani abin kirki yanzu, amma labarin da ke bayanta bai rage daraja ba. A gaya musu sunan matar, da garinsu, da wadda ta koya mata. Sa'an nan a tambayi kowace yarinya a gidan abin da take so ta iya, a kuma saurari amsarta har ta gama.